Gawo Bakwai da Muka Sare

Ranar wata Asabar ce cikin watan Mayu, muna aji ɗaya na babbar sakandare, muka fito sharar gonar makaranta. Mu ashirin da uku ne a ƙungiyar matasan manoma, maza da mata, kowa ya zo da adda ko fartanya daga gida. Makarantarmu tana arewacin Jihar Jigawa, ba nisa da iyakar Nijar, kuma filin da aka ba mu yana bayan ajujuwa, ya yi shekaru ba a noma shi ba. Kafin rana ta take mun share fiye da rabinsa. Sabara da kalgo da tumfafiya duk muka kwantar da su. A tsakiyar filin akwai wasu 'yan itatuwa masu ƙaya guda bakwai, mafi tsayinsu bai wuce ƙirjinmu ba. Ƙayar ɗaya ta yaga wa wani daga cikinmu riga, sai haushi ya kama mu, muka bi su ɗaya bayan ɗaya muka sare tun daga tushe, muka tara a gefe don a ƙona.

Muna cikin shewa sai ga Baba maigadi ya iso da kekensa. Ya jingine keken, ya tsaya a kan tarin, ya ɗauki reshe ɗaya yana jujjuya shi.

"'Ya'yana, wa ya sa ku wannan aiki?"

Muka ce, "Baba, shara muke yi. Masara za mu shuka."

"Kun san abin da kuka sare?"

"Ƙaya ce, Baba."

Ya ce, "Gawo ne. Shekara uku ina korar awaki daga kansu."

Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Ya ajiye reshen a hankali kamar mai ajiye abin da zai fashe, ya ja kekensa ya tafi. Da ya yi nisa muka kwashe da dariya. Wani ya ce tsofaffi ba sa rabuwa da camfi. Wata ta ce ai a littafinmu na aikin gona babu hoton gonar zamani ko ɗaya da ke da bishiya a tsakiyarta. Duk muka yarda da ita.

Ya kamata mu faɗi gaskiyar abin da ke ranmu a lokacin. Kusan dukkanmu 'ya'yan manoma ne, kuma a ɓoye muna jin kunyar gonakin gidajenmu. Gero a nan, wake yana yaɗo a ƙarƙashinsa, gyaɗa a can, dawa ta gitta, ga bishiya ta tsaya a tsakiya tana hana garmar shanu tafiya a miƙe. A ganinmu wannan hargitsi ne na wanda bai je makaranta ba. Mu kuwa za mu ja igiya mu fitar da layi, mu shuka abu ɗaya tal, mu zuba takin zamani, garin nan ya zo ya ga yadda ake noma. Ko da Baba maigadi ya aiko mana da saƙo cewa wannan jigawa ta gero ce, masara ba za ta ji daɗinta ba, ba mu saurara ba.

Ruwa ya sauka cikin Yuni muka yi shuka. Masara ta fito gwanin sha'awa, layi-layi kamar ɗalibai a wajen taron safe. Lissafinmu shi ne buhu biyu na taki, kamfa ɗaya, yuriya ɗaya. Da muka haɗa karo-karon da muka yi, muka tura mutum biyu kasuwa, sai suka dawo da 'yan kwanuka a ƙullin leda. Kuɗinmu ko rabin buhu bai saya ba. Muka barbaɗa abin da ya samu, muka zauna jira.

Zuwa tsakiyar Yuli masara ta fara ba mu amsa. Ganyen ƙasa ya soma yin rawaya daga baki, rawayar tana bin tsakiyar ganyen tana shiga ciki. Karan ya tsaya siriri, ya ƙi tsawo. 'Yan wasu ajujuwa suka riƙa leƙowa ta taga suna tambayarmu ko albasa muka shuka.

Abin da ya fi yi mana ciwo yana can ƙarshen filin, jikin shinge. Akwai wani ƙaton gawo da ya girmi makarantar, kuma a gindinsa Baba maigadi yake 'yar gayaunarsa. Bai sa mata takin buhu ko cokali ɗaya ba, mun sani, don kullum muna wucewa ta wurin. Amma geronsa ya yi kore shar har yana ɗaukar ido, wake kuma ya rufe ƙasa tsakanin kunyoyi. Bishiyar kanta tana tsaye babu ganye ko ɗaya, sai ka ce ta mutu.

Malaminmu na aikin gona ya bar mu sai da muka gaji da zargin iri, da zargin ruwa, da zargin mai sayar da taki. Ran nan ya ce kowa ya bar littafinsa a aji ya biyo shi. Ya nemi izinin Baba, ya sa hauya ya haƙo gindin wake ɗaya da ƙasarsa, bai tumɓuke shi da ƙarfi ba. Ya wanke saiwar a bokiti ya ɗaga mana. A jikinta akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙuraje, wasu kamar ƙwayar gero, wasu sun kai ƙwayar dawa. Duk mun sha ganinsu a gida lokacin cirar gyaɗa, mun ɗauka cuta ce. Malam ya ciro reza ya tsaga ɗaya biyu. Cikinsa ja-ja ne, kamar naman da bai gama dahuwa ba.

Ya ce, "To, ga masana'antar takin da kuka rasa kuɗin sayensa."

A nan gindin gawo ya yi mana darasin da ya riga ya yi mana a aji amma bai shiga ba. Abin da masararmu ta rasa sunansa naitirojin. Da shi shuka take gina koren ganyenta, da shi take haɗa furotin. In ya yi ƙaranci sai shukar ta janye wanda ke cikin tsofaffin ganyaye ta kai wa sababbi, shi ya sa rawaya take farawa daga ƙasa. Abin mamakin shi ne naitirojin ya fi komai yawa a iskar da muke shaƙa, kusan kashi 78 cikin 100. Masararmu tana tsaye cikin tekunsa tana mutuwa da yunwarsa, domin a iska ƙwayoyinsa biyu-biyu suke, a ɗaure tamau, kuma babu shukar da ke iya kwance wannan ɗauri da kanta.

Masu iya kwancewa wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune cikin ƙasa, waɗanda ake kira Raizobiyam. In saiwar wake ta fito sai su shiga cikinta, ita kuma ta gina musu ɗaki, wato ƙurjin da muka gani. Daga nan sai ciniki ya kankama. Shukar tana ba su sukarin da ganyenta ya haɗa da hasken rana, su kuma suna kama naitirojin na iska su mayar da shi amoniya, wadda shuka ke iya amfani da ita. Jan da muka gani a ciki wani sinadari ne ɗan uwan wanda ke sa jininmu ja. Aikinsa shi ne ya riƙe iskar oksijin, domin in ta yi yawa takan lalata aikin bakteriyar. Saboda haka in ka tsaga ƙurji ka ga ja-ja, yana aiki. In ka ga fari ko kore, bai fara ba ko kuma ya daina.

Malam ya ce wasu masana biyu a Jamus, Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth, su suka tabbatar da wannan a 1886, sannan a 1888 wani ɗan ƙasar Holan, Martinus Beijerinck, ya ware bakteriyar ya raine ta a ɗakin gwaji. A 1909 Fritz Haber ya gano wata hanyar yin irin wannan aiki da inji, Carl Bosch kuma ya kai ta matakin masana'anta a 1913. Har yau da wannan hanya ake yin yuriya, kuma tana bukatar zafin da ya haura digiri 400, da matsi mai tsanani, da iskar gas mai yawa. Wannan ne ya sa in gas ya yi tsada a duniya, ko kuɗinmu ya faɗi, sai manomin gero a ƙauyenmu ya ji a jikinsa. Ya sa muka yi lissafi a ƙasa da tsinke: yuriya kashi 46 cikin 100 ne naitirojin, ke nan buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Buhun kamfa mai lamba 15-15-15 kuwa kilo bakwai da rabi kacal. Abin da masana'anta ke yi da wuta da ƙarfe, gindin wake yana yinsa shiru a cikin yashi.

Wata daga cikinmu ta ce, "Malam, to wake mun gane. Bishiyar fa?"

Malam ya juya wajen Baba maigadi ya ce, "Baba, wannan taka ce."

Baba ya yi murmushi ya ce shi bai san sunan ƙwaron da Malam ke faɗa ba. Abin da ya sani shi ne gawo yana da kunya. In damina ta zo sai ya tuɓe ganyensa ya ba shuka wuri, rana ta sauko mata, ganyen da ya zubar kuma ya ruɓe a gindinta daidai lokacin da take neman abinci. In an yi girbi, sauran itatuwa sun fara kaɗewa, sai shi kuma ya yi sabon ganye, ya yi fure, ya yi 'ya'ya. Duk tsawon rani dabbobi a inuwarsa suke wuni, suna cin 'ya'yan da suka faɗo, suna barin kashi da fitsari. Ya ce mu je kasuwa da rani mu ga yadda masu kiwon raguna ke sayen 'ya'yan gawo. Ya ƙara da cewa irin gawo ma ya fi saurin tsirowa in ya bi ta cikin akuya ko saniya.

Malam ya cike sauran. Gawo ɗan dangin wake ne, ku dubi kwanson 'ya'yansa za ku gane. Shi ma yana ƙulla irin wannan ciniki da bakteriya, musamman yana ƙarami. Saiwarsa tana nitsewa can ƙasa sosai, inda ta gero ba ta kaiwa, ta ɗebo ruwa da abincin da ya zurare ta dawo da su sama cikin ganye. Ya gargaɗe mu kada mu ce naitirojin kaɗai ne sirrin gindin gawo. Takin dabbobi yana ciki, ruɓaɓɓen ganye yana ciki, 'yar inuwar rassansa da ke rage wa ƙasa zafi ita ma tana ciki. Abubuwa ne da yawa suka haɗu a wuri ɗaya.

Ya kuma raba mana itatuwan da muka sani gida biyu. Bagaruwa da dakwara mai ƙaro da ƙirya suna kama naitirojin kamar gawo. Wake, gyaɗa, gurjiya da waken suya su ne na cikin amfanin gona. Darbejiya da mangwaro da kuka ba sa yi. Zogale ma, da mutane da yawa ke sa shi cikin jerin, ba ya yi, duk da amfanin ganyensa. Tsamiya da ɗorawa dangin wake ne, amma ba a san su da waɗannan ƙuraje ba. Kowace bishiya da nata amfanin, sai dai ka san wanda kake nema kafin ka dasa ko ka sare.

Babu wanda ya yi dariya a ranar. Muka koma aji shiru, kowa yana tuna tarin ƙayar da muka ƙona.

Da za a tafi dogon hutu Malam ya ba mu aiki guda: kowa ya tambayi babba a gidansu dalilin da ya sa ake haɗa wake da gero, da dalilin barin gawo a gona, ya rubuto amsar yadda aka faɗa masa. Da muka dawo cikin Satumba muka karanta wa juna. Kakar wata ta ce wake yana sanyaya ƙasa. Mahaifin wani ya ce gonar da aka yi gyaɗa bana, in ka sa mata dawa baɗi ba ta ba ka kunya. Wani ya rubuto cewa yayan babansa yana juya gona da waken suya don ya rage wuta-wuta, kuma Malam ya ce haka ne, domin saiwar waken suya tana sa irin wuta-wuta ya tsiro amma ba ya samun abin kamawa, sai ya mutu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ya taɓa jin sunan Hellriegel. Amma abin da za a tambaye mu a jarrabawar WAEC shi suke aikatawa kowace damina, mu kuwa muna kallonsu muna cewa hargitsi.

Amsar da ta fi tsawo ta wani abokinmu ce da ya yi hutunsa wurin kawunsa a ƙasar Magarya, cikin Jihar Damagaram ta Nijar. Ya ce tun daga kan iyaka idonsa ya ga bambanci, gonaki cike da gawo, manya da ƙanana, kuma babu wanda ya dasa su. Kawun ya shaida masa cewa yana yaro wurin ba haka yake ba. Bayan farin shekarun 1970 da yunwar 1984 ƙasa ta yi tsirara, iska tana binne shuka da yashi har sai an yi shuka sau biyu ko sau uku. Sai mutane suka daina sare tohon da ke fitowa a gona lokacin sassabe. Su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kan kowane kututture, su datse sauran, su bar waɗannan su tashi. Suna kiran abin sassaben zamani. Ya ce tsofaffi suna ba da labarin cewa tun zamanin sarakunan Damagaram na da akwai hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare gawo.

Malam ya ɗora mana da abin da aka rubuta game da wannan. A 1983, a yankin Maraɗi, wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan kurmin da ke warwatse a gonaki tohon tsofaffin kututture ne masu saiwa da rai. Itatuwan suna nan a ƙarƙashin ƙasa, sarewar kowace shekara ce ke hana su tashi. Ya shiga jawo hankalin manoma su bar su. Da farko an yi masa dariya kamar yadda muka yi wa Baba. Daga baya abin ya bazu daga manomi zuwa manomi, a wasu wuraren ma mutane da kansu suka farfaɗo da al'adar iyayensu ba tare da kowa ya zo musu da ita ba. Da masana suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, sun ƙiyasta cewa manoman Nijar sun dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan fili mai faɗin hekta miliyan 5. A yankunan Magarya da Matamaye da Mirya gawo ne ya fi yawa. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya yi suna wajen farfaɗo da matacciyar ƙasa.

Ya nuna mana cewa haɗa itatuwa masu kama naitirojin da amfanin gona ilimi ne da ake bincike a kansa a ƙasashe masu zafi da dama. A cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, wani masani mai suna B. T. Kang ya gwada shuka masara tsakanin layukan wasu itatuwa da aka kawo daga Amurka ta Tsakiya, lukina da gilirisidiya. Ana datse rassansu a kai a kai a shimfiɗa ganyen a ƙasa ya zama taki. A Malawi da Zambiya manoma da yawa suna haɗa gilirisidiya da masara. A Zambiya har dasa gawo ake yi, inda suke kiransa musangu, mita 10 tsakanin kowane biyu, wato bishiya 100 a hekta ɗaya. Abin da wasu ke raino a leda suna dasawa, shi ya fito mana kyauta muka sa masa adda.

Kada mu yi muku daɗin baki, don mu ma Malam bai yi mana ba. Wannan hanya tana da iyakarta. Tsarin Ibadan ya yi kyau a gonar gwaji, amma manoma kaɗan ne suka riƙe shi, saboda datse itatuwan yana cin lokaci daidai lokacin da aikin gona ya fi yawa. Wake da gyaɗa kuma yawancin naitirojin da suka kama yana cikin ƙwaya da harawa. In aka kwashe ƙwaya aka kai kasuwa, aka ɗaure harawa aka kai birni, kaɗan ne ya rage wa gona, sai in dabbobin gida ne suka ci aka mayar da takinsu. Sannan wake ba ya yin ƙuraje da kyau a ƙasar da ta rasa sinadarin fosfaros, shi ya sa ɗan takin supa ke taimaka masa ƙwarai. Takin zamani yana da wurinsa, kuma ya fi yin aiki a ƙasar da ke da ruɓaɓɓen ganye da takin gargajiya. Babban abin kuma shi ne lokaci. Wake wata biyu zuwa uku ne, gawo kuwa sai ya yi shekaru kafin shukar gindinsa ta fara cin moriyarsa.

Cikin Oktoba muka girbe masararmu. Duk abin da muka samu bai cika buhu ba, ƙananan goyo masu giɓi kamar bakin tsoho. Baba maigadi kuwa ya ɗaure damman geronsa, ya roro wake, har ya aiko mana da kwano guda a dafa mana.

A ranar girbin ne wani daga cikinmu ya taka ƙaya ya yi ihu. Muka duba, sai ga kututturen da muka bari a Mayu ya fito da toho, rassa biyar ko shida, kore shar. Muka bazu muna nema. Shida muka samu da rai. Na bakwai shi ne wanda muka tara ƙaya muka ƙona a kansa, ya mutu.

Muka je wurin Baba mu duka. Shugabar ƙungiyarmu ce ta yi magana. Ta durƙusa ta ce, "Baba, mun yi maka laifi, mun kuma yi maka dariya. Ka yafe mana, ka koya mana yadda ake yi."

Ya ce, "Ni ba ku yi mini komai ba, 'yata. Ƙasa kuka yi wa. Ku tashi ku ɗauko wuƙa mai kaifi."

Ya nuna mana yadda ake zaɓen reshen da ya fi miƙewa, a bar shi da mataimaki ɗaya, a yanke sauran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Ya sa muka datse ƙananan rassan da ke ƙasa, muka bar na sama. Ya ce ƙaramin gawo in an bar shi haka nan yaɗo yake yi kamar kurmi, sai an nuna masa sama yake tashi. Ƙayar da muka yanke ita muka kewaye kowane gindi da ita.

Ba dukkanmu ne muka yarda da wannan wahala ba. A taron da ya biyo baya an yi musu mai zafi. Wani ya ce shekara biyu suka rage mana, ko inuwar waɗannan itatuwa ba za mu sha ba, balle mu ci geron gindinsu, to don me za mu riƙa yaga hannu? Maganarsa gaskiya ce, kuma babu wanda ya iya ƙaryata shi. Mutum biyar suka bar ƙungiyar. Mu da muka rage ba mu da wata amsa mai ƙarfi, sai dai wata ta tambaya ko akwai wanda ya san mutumin da ya bar ƙaton gawon da ke jikin shinge tun yana ƙarami. Babu wanda ya sani. Ko Baba ya ce shi ma haka ya tarar da shi.

Da rani awakin unguwa suka sami ɓaraka a shinge suka cinye biyu har ƙasa. Ɗaya ya sake tohowa, ɗaya bai dawo ba. Muka raba kwanaki, kowa da ranar da zai duba shinge kafin ya tafi gida. Damina ta biyu muka bar masara, muka shuka gero layi biyu, wake layi biyu, gyaɗa a gefen da ya fi yashi. Muka roƙi masu kiwo na kusa suka ba mu takin turke. Harawar da muka samu muka ba su, bisa alkawarin za su dawo mana da taki. Ba mu yi abin a zo a gani ba, amma gero ya cika buhuna, kuma babu wanda ya sake leƙowa ta taga yana tambayar albasa.

Akwai wani sauyin da ba a aunawa da buhu. Wani daga cikinmu ya ce da bazarar da ta wuce, ya bi mahaifinsa sassabe, sai ya ga toho ya riƙe hannun ƙaninsa da ya ɗaga adda. Mahaifin ya tsaya yana kallonsa, sannan ya ce, "Ashe makarantar taku ana koyar da hankali." Ya ce tun da ya shiga sakandare ba su taɓa doguwar hira da mahaifinsa kamar ta ranar ba.

Yanzu muna ajin ƙarshe, jarrabawa ta ƙarato. Gawo biyar ne suka rage, uku daga ciki sun fi mu tsawo. Da ruwan farko ya sauka suka fara zubar da ganye, har wani ɗan aji ɗaya ya zo da gudu ya ce mana itatuwanmu suna mutuwa. Muka kai shi gindinsu muka yi masa bayani, muka haƙo masa gindin wake muka ba shi reza ya tsaga da hannunsa.

'Yan uwa ɗalibai, ga abin da muke roƙonku. In damina ta yi nisa, wake ya kai sati biyar ko shida, ku nemi izini ku haƙo gindi ɗaya, ku wanke saiwar, ku tsaga ƙurjin ku ga launinsa. Ku tsaya a gindin gawo ku dubi tsawon gero, sannan ku yi taku talatin ku sake dubawa. Ku tambayi kakanninku dalilin abin da suke yi, ku rubuta amsar kafin ku yanke musu hukunci. In kuma an ba ku adda an ce ku share fili, ku tambayi sunan abin da za ku sare tukuna.

Mun riga mun miƙa wa 'yan aji ɗaya littafin ƙungiya, da jadawalin duba shinge, da wuƙar da Baba ya ba mu. A shafin farko mun zana taswirar filin, mun sa alama a wurare bakwai, biyar da rai, biyu babu, kuma mun rubuta a ƙasa cewa mu ne muka sare su.